Ba'amurken da ya zo Zariya neman sarewa

 Ga abin da muka kawo muku a filin tarihi na daren Laraba, an ɗan rage shi don ya shiga takarda.

Yau kusan wata uku ke nan da muka canza ɗan kiɗan nan da ke raba labarun yamma da farashin kasuwanni. Busa ce, ba ta kai minti ɗaya ba, amma tun ranar da muka fara sa ta salular gidan nan ba ta huta ba. Wani bawan Allah da ke kiwo a arewacin Dakwaro ya rantse cewa mai busar Babororo ne, har ya ce ya gane irin karan. Wani direba mai ɗaukar shanu daga Maigatari zuwa kurmi ya ce a'a, wannan salon mutanen Adamawa ne, ya sha jin irinsa a wajen Garwa. To ku yi haƙuri, duk kun faɗi. Mai busar nan baƙar fatan Amurka ne, a birnin ƙera motoci ya tashi. Sunansa Yusuf Latif, a bayan faifai kuwa Yusef Lateef ake rubutawa. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Akwai dalili na biyu da ya sa na ɗauko labarinsa. Wani dattijo mai fataucin albasa tsakanin Ƙonni da Illela ya aiko mana da saƙon murya, ransa a ɓace. Ɗansa ya gama lakwal, ya samu sakamako mai kyau, maimakon ya kama shago ko ya wuce jami'a sai ya ce shi kiɗa zai koya. Tambayar Alhaji ɗaya ce: kiɗa sana'a ce ko roƙo ne? Baba Alhaji, ni yarinya ce a gabanka, ba ni zan raba ka da ɗanka gardama ba. Amma ga labarin wani da ya yi wannan sana'a fiye da shekara 70, ka auna da kanka.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1920 a garin Chattanooga, jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Sunan yanka William. Kudancin Amurka a lokacin ba wurin zaman baƙar fata ba ne. An daina bauta tun 1865, amma doka ta raba makaranta, ta raba kujerar jirgin ƙasa, ta raba har famfon shan ruwa. A arewa kuwa masana'antu na neman hannu. Tun 1914 Henry Ford ya yi shelar zai biya ma'aikaci dala 5 a yini, kuɗin da manomin auduga ba ya ko mafarkinsa. Sai mutane suka yi ta kwarara arewa, kamar yadda namu ke tafiya cin rani, sai dai su ba sa komowa da damina. Kimanin mutum miliyan 6 suka yi wannan ƙaura kafin 1970. Iyayen yaron nan na cikinsu. A 1925 suka sauka a Detroit, garin Ford da Chrysler da General Motors.

A makarantar sakandare ya kama saksofon. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon ƴan badujala ranar bikin ƴancin kai ya gan shi: ƙaho ne na tagulla mai lanƙwasa kamar lofe, jikinsa cike da maɓallai, a bakinsa akwai ɗan siririn kara da ke kaɗawa in iska ta bi ta kansa. Wani maƙeri ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a Faris a 1846, kuma sojoji ne suka fara amfani da shi. Baƙaƙen Amurka suka ɗauke shi daga filin fareti suka koya masa magana. Kiɗan da suka yi da shi kuwa shi ake kira jaz, wanda ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarnin da ya wuce.

Bari in kwatanta muku jaz da abin da kuka fi ni sani. In mai saye da mai sayarwa suka haɗu a kara, kowa ya san yadda za a fara, da sallama da taya, kowa ya san yadda za a ƙare, da albarka ko da sallamawa. Amma abin da za a faɗa a tsakiya babu wanda ya haddace shi daga gida. Haka jaz yake. Ƙungiya za ta buɗe da karin da kowa ya sani, sai a ba kowane makaɗi fili shi kaɗai ya ƙago nasa nan take, sauran na riƙe masa da ganga da garaya irin tasu, sannan a komo a rufe tare. Wanda ya maimaita abin da ya busa jiya, abokan sana'a sun raina shi ke nan.

Yana gama sakandare ya shiga ƙungiyoyin da ke yawo gari gari. Rayuwar direban dogon zango ce: a yi wasa har tsakar dare, a kwana cikin mota, a wayi gari a wata jiha, kuma otal da yawa ba sa karɓar baƙar fata ko da kuɗinsa a hannu. Ya bi manya irin su Lucky Millinder da Roy Eldridge, har a 1949 ya samu shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie, mai busa ƙaho, ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya jaz gaba ɗaya a wancan zamani. Ga mai shekara 28, wannan kamar a ce yaron mota ne aka miƙa masa makullin tirela.

Shekara na zagayowa ya ajiye. Matarsa ba ta da lafiya, ga yara, sai ya koma Detroit a 1950. A idon abokansa ya yi baya, domin kasuwar jaz a Niyok take. Shekara goma ya yi a gida. Ni a ganina, in ba don waɗannan shekaru goma ba da yau ba mu san sunansa ba, da ya zama ɗaya cikin ɗaruruwan gwanayen saksofon da aka manta.

Abin da ya yi a cikinsu shi ne: ya kama aiki a masana'antar Chrysler don a ci abinci, da dare ya yi wasa, ya kuma shiga jami'ar Wayne ta garin yana koyon sarewar Turawa da rubutun kiɗa. Ga shi kuma ya karɓi kalmar shahada ya zama Yusuf Abdul Latif. Ta hannun ƴan Ahmadiyya ya shigo, domin su ne ke wa'azi a unguwannin baƙaƙe a lokacin, kuma makaɗan jaz da dama ta nan suka bi, irin su Ahmad Jamal. Na san malamanmu suna da maganarsu a kan wannan ƙungiya, ba kuma shi ne zancenmu na yau ba. Abin da ya shafi labarinmu shi ne sabon sunan ya juya fuskarsa gabas. Detroit gari ne mai Larabawa da yawa, ƴan Siriya da Labanan da Yaman da su ma aikin mota ya kawo. Ya shiga cikinsu, ya riƙa zama a laburaren gari yana sauraren faya-fayan ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Ya nemo argul, wata busa ta kara biyu da ake yi a Masar da Sham. Ya nemo shanai, wadda duk mai kallon fim ɗin Indiya ya ji ta a wurin ɗaurin aure. Ya je wurin wani gwani na babbar ƙungiyar kiɗan birnin ya koyi obo, wadda in kun ji ta za ku ce algaita ce ta je makarantar boko, don kuwa dangi ɗaya ne, dukansu kara biyu ne a baki. Ya riƙa yanke gora yana huda sarewarsa da kansa. Har kwalbar lemo da balan-balan ya sa a wani faifai na 1957, mutane na dariya, shi ko a jikinsa.

Dalilinsa na ɗan kasuwa ne. In kowa a layi barkono yake sayarwa, kai ma ka kasa barkono, sai ka karya farashi kafin a dube ka. Masu saksofon sun yi yawa, kuma akwai dodanni a cikinsu. Mai obo da argul a cikin jaz kuwa, sai a bincika.

Sai a 1957, yana da shekara 36, faifai na farko ya fito da sunansa a gaba, a kamfanin Savoy. Ku ji yadda ake ɗaukar faya-fayan nan. Ƙungiyarsa na da wurin wasa na dindindin a Detroit, dare shida a mako. Sitidiyon kuwa yana jihar New Jersey, gab da Niyok, tafiyar kusan kilomita 1,000, wato ta ɗara nisan Yamai zuwa Damagaram. In sun tashi daga wasan ƙarshe na mako sai su cusa kaya a mota su kama hanya cikin dare, su isa su ɗauki faifai, su juyo su tarar da wasan gaba. Direbobinmu sun san abin da wannan ke yi wa ido da gadon baya.

A 1960 ya koma Niyok. Shekarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: Kamaru ta samu ƴanci ranar 1 ga Janairu, Nijar 3 ga Agusta, Chadi 11 ga Agusta, Najeriya 1 ga Oktoba. Baƙaƙen Amurka suna bin labarin nan kamar nasu, don su a lokacin ko ƙuri'a ba a barin da yawansu su jefa a kudu. A watan Nuwamba na shekarar, mai fiyano Randy Weston ya tara makaɗa suka yi faifan murna mai suna Uhuru Afrika, da Latif a ciki, faifan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta daga baya. Ya yi aiki da Babatunde Olatunji, makaɗin ganga Bayarabe da ke zaune a can. A 1962, a faifan Art Blakey mai suna The African Beat, cikin abubuwan da aka rubuta Latif ya busa har da ƙahon saniya. Kun ji fa, ƙahon da mahauta ke zubarwa a bayan kwata.

Faifansa da ya fi shahara, Eastern Sounds, a 1961 ya ɗauke shi. Da wata ƴar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya buɗe shi, mai siffar ƙwai, muryoyinta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Daga 1962 zuwa 1964 yana cikin ƙungiyar Cannonball Adderley, wadda tana cikin mafi kasuwa a lokacin, suka je Turai, suka je Japan a 1963. Suna ya samu, manyan kamfanoni irin su Impulse da Atlantic suka ɗauke shi.

To a nan ne, Baba Alhaji, nake so ka matso da rediyo kusa. Suna ba ya cika tukunya. Makaɗin jaz kuɗin dare ake biyansa, daren da babu wasa babu kuɗi. Faifai kuwa na kamfani ne, shi ke da kayan, shi ke cin ribar shekara da shekaru, mai busa ya karɓi ɗan abin da aka ba shi ya yi gaba. Da yawa daga cikin tsaransa giya da ƙwaya suka cinye su tun ba su kai 40 ba. Charlie Parker, wanda duk mai saksofon ke kira uban gida, yana da shekara 34 ya mutu. Latif ya ga wannan da idonsa. Sai mutumin nan, da furfura ta fara fito masa, da faya-fayai fiye da ashirin a kasuwa, ya koma aji ya zauna da yaran da suka yi sa'ar ƴaƴansa. Ya karɓi digiri na farko a makarantar kiɗa ta Manhattan a 1969, na biyu a fannin koyar da kiɗa a 1970. Ya fara koyarwa a nan, a 1972 kuma ya samu kujerar malami a wata kwaleji ta birnin. A 1975, yana da shekara 50 da ɗoriya, jami'ar Massachusetts ta ba shi digirin dokta a fannin ilimi. Kun san a kan me ya yi bincikensa? Kwatanta tarbiyyar makarantar boko da ta Musulunci. Gardamar da ake yi a kowace rumfa daga nan har Abeche, ita wani mai busa ya zauna ya rubuta a Amurka shekara 50 da suka wuce.

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Busa dutse ɗaya ce. Koyarwa ta zama na biyu, mai albashin wata. Na uku shi ne rubutun kiɗa, kuma wannan yana son bayani don mu a nan da ka muke riƙe kiɗa. Turawa suna da hanyar rubuta sauti a kan layuka biyar, kowane ɗigo da muryarsa da tsawonsa, ta yadda wanda bai taɓa ganinka ba zai buɗe takarda a wata ƙasa ya busa abin da ke ranka daidai. Wanda ya rubuta shi ke da hakkin abin, duk wanda ya yi amfani da shi sai ya biya. Latif ya buɗe ɗan kamfaninsa na buga irin waɗannan takardu. A 1981 ya fitar da wani littafi mai kauri da ya tara matakan sauti na al'ummu daban daban, har yau ɗaliban saksofon na gumi a kansa.

Wajen 1980 ya yanke wata shawara da ta girgiza abokan sana'arsa. Ya ce ya daina wasa a duk inda ake sayar da giya. Ku tuna, mashaya ita ce kasuwar jaz, a nan aka haife shi, a nan ake biya. Kamar dillalin shanu ne ya ce daga yau ba ya sake taka kara. Da ba shi da sauran duwatsun nan biyu, da wannan magana ba ta faɗuwa, ko kuwa yunwa ta sa ya janye ta. Ita kanta kalmar jaz ya ƙi ta, ya ce an cika ta da ma'anoni na raini. Ya ƙera tasa kalmar, doguwa ƙwarai, ba zan gwada faɗinta a gaban makirfo ba kada harshena ya karye. Ma'anarta dai kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Gaskiya ban ga sunan ya kama bakin kowa ba in ban da shi da ɗalibansa, mu ma ga shi jaz ɗin muke ta cewa tun ɗazu.

Sai Zariya. A 1981 Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauke shi babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya. Ya kwaso iyali ya zo, yana da shekara 60, ya zauna har 1985. Dattawanmu ba sa bukatar kalanda don gane waɗannan shekaru. Ya sauka Shagari na mulki a Legas, Kunce na mulki a Yamai. Yana nan aka kori baƙi a farkon 1983. Yana nan soja suka karɓi mulki a ranar ƙarshe ta wannan shekara, aka canza launin naira aka rufe iyaka a Afrilun 1984, ga fari, ga yunwar da har yau tsofaffi a wannan gefen ke kira El-Buhari. A shekarun da makiyayi ke ba da saniya a kan ƴan tiyoyin hatsi, a lokacin ne wani dokta daga Amurka ya zo yana tambayar abu ɗaya daga kayan makiyayi da ba wanda ya taɓa yi wa kuɗi.

Sarewa ya zo nazari. Kara ne ko gora, an huda ramuka huɗu, ba harshe ba maɓalli, a karkace ake riƙe ta a hura a gefen baki. Yaro na iya yin ta da wuƙa tsakanin azahar da la'asar. Amma duk wanda ya gwada ya san fitar da sauti ɗaya mai kyau daga cikinta sai an yi makonni ana hura iska a banza. Gwanayenta kuma suna haɗa busa da gunjin maƙogwaro, murya biyu daga baki ɗaya. Wannan salo na rera murya cikin sarewa, an san Latif da shi tun a Amurka, shekaru kafin ya tako ƙasar Hausa. Ku kwatanta yadda zai ji, ya tarar da abin da ake yaba masa a Niyok a bakin saurayi mai sanda a kafaɗa. Ga kuma matakan sautin: yawancin kiɗanmu a kan murya biyar yake tafiya, kuma kusan haka tsohon kiɗan baƙin ciki na jikokin bayi yake, wanda suke kira bulus, uwar jaz.

Bai tsaya kan sarewa ba. Ya koyar, ya yi aiki da makaɗa da ƴan rawa na cibiyar, ya kama algaita, wadda ga mai obo kamar zuwa gidan kakanni ne. A 1983 ya shiga sitidiyo a Legas da makaɗan ganguna na ƙasar suka ɗauki faifan da aka sa wa suna In Nigeria. Daga cikinsa muka yanko ƴar busar da ta haɗa ku gardama. A 1987 kuma littafi ya fito a Legas da sunansa da na abokin aikinsa Ziky Kofoworola, a kan kiɗa da wasannin Hausa, da Turanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da ya yi. Mutum ya kai shekarun da ake kai masa gaisuwa, ga digiri uku, ga sunansa a Japan da Jamus, ya zo ya zama ɗalibin abin da mu muke ɗauka wasan yaran daji. A wurinmu fa makaɗi maroƙi ne, gado ake yi, kuma mai jin daɗin waƙar ba lalle ya ba mawaƙin ƴarsa ba. Shi kansa Mamman Shata mahaifinsa bai so ba, da tallan goro ya fara. Ita dai jami'ar nan ta Zariya, shekara uku bayan tafiyar Latif, a 1988, ta yafa wa Shata rigar dokta ta girmamawa. A Yamai ma ga Yakuba Mumuni, wanda aka fi sani da Denke-Denke, jagoran ƙungiyar Mamar Kassey, da sarewar Fulani ya zagaya ƙasashen Turai.

Da ya koma gida sai abin ya ƙara buɗewa. Faifansa na 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke ciki, ya ci lambar Grammy, mafi girma a kasuwar kiɗan Amurka. Ya koma koyarwa a jami'ar Massachusetts, ya yi fiye da shekara goma. A 1992, yana da shekara 70 da ɗoriya, ya kafa kamfanin faifai nasa na kansa, YAL, haruffan farko na sunansa, wato ya gaji da kai kaya hannun dillali. A 1993 gidan rediyon WDR na birnin Kolon a Jamus ya ba shi aikin rubuta dogon kiɗa don babbar ƙungiyar makaɗan gidan, a kan tarihin baƙaƙen Amurka tun daga kamun bayi, kuma algaita na ciki. I, gidan rediyo mai ƙungiyar makaɗa tasa, mu da ke addu'ar kada janareta ya mutu a tsakiyar labaru. Ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai, ya yi zane, ya ba da tarihin rayuwarsa a littafi a 2006. A 2010 hukumar fasaha ta gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan gwanayen jaz, sunan da ya yi shekaru yana gudu. Ya rasu a gidansa a Shutesbury, jihar Massachusetts, ranar 23 ga Disamba 2013.

Baba Alhaji, ka ji hanyar. In kai ne ka tambaye ni, zan ce ka zaunar da yaron ka tambaye shi wa zai koya masa, shekara nawa ya shirya yi kafin kuɗin farko, da kuma me zai ci kafin nan. In amsarsa ita ce zai sayi kwamfuta ya shiga sitidiyo wata mai zuwa ya yi suna a TikTok, to ba irin Latif ba ne, ka riƙe shi a wurin albasa. In kuwa ya yarda ya ci gaba da karatu, ya tsare shago da rana, ya yi koyo da dare, ni ban ga roƙo a ciki ba. Hukuncin dai naka ne, kai ka haife shi.

Saura ikirari ɗaya, kuma laifin namu ne a gidan nan. Ranar da aka ce in nemo busar da za ta shiga gaban farashin kasuwanni, sarewar makiyayanmu na so in sa. Na buɗe kwamfutar sitidiyo, waƙoƙi dubbai: na fina-finan Kano, na Abijan, na Bamako, na Indiya, na ƴan siyasar da suka faɗi zaɓe tun ina firamare. Na sauko da kwalayen tsofaffin kaset na kaɗe ƙura. Ban samu sarewa ko ɗaya da aka ɗauka a wannan yanki ba, gidan da rabin masu saurarensa makiyaya ne. Dole ta Ba'amurke na sa. Da na je kasuwar dabbobi a makon jiya na tambayi samari shida masu kora, biyar sun nuna mini salula da ɗan kati cike da waƙoƙi. Ɗaya ne ya ce kawunsa na busawa, amma haƙoransa sun zube, ya ajiye.

Don haka ga roƙonmu. Duk mai sarewa, ko wanda ya san mai ita, a ɗauki busa ta minti biyu a salula a aiko ta lambar WhatsApp ɗin da muke karantawa a ƙarshen kowane shiri. A faɗi sunan mai busa da rugarsu ko garinsu, da wanda ya koya masa, da abin da aka yi sarewar da shi, kara ne ko gora ko bututun roba, da sunan karin in yana da suna, na tashi ne, na shayarwa ne ko na sharo. Wanda ba shi da babbar salula ya same mu ranar kasuwa a rumfar da muke karɓar sanarwa, za mu zo da na'ura. Daga farkon wata mai kamawa, kowane mako busar mutum ɗaya ce za ta buɗe farashin kasuwanni, kuma za mu faɗi sunansa kafin mu faɗi kuɗin buhun gero.